Summerhill: makarantar da ta shekara 100 ba ta yi ƙiba ba

A gefen garin Leiston, cikin gundumar Suffolk a gabashin Ingila, akwai wani tsohon gida na jan bulo a tsakiyar filin da ya ɗan haura eka 10, ga itatuwa, ga 'yan ƙananan gine-gine a warwatse. Nan ce Summerhill, makarantar kwana mai zaman kanta, ta maza da mata, wadda ke karɓar yara tun suna ƙanana har su kai shekara 17 ko makamancin haka. A 2021 ta cika shekara 100 da kafuwa. Wanda ya saba auna ci gaban makaranta da yawan ɗalibai da sababbin benaye da buɗe rassa zai ce wannan ba ta je ko'ina ba. Ɗalibanta yawanci ba sa kai 100, reshe ko ɗaya ba ta da shi, kuma tun 1927 tana wuri guda in ban da shekarun yaƙin duniya na biyu. Sai dai makarantun da suka taso tare da ita, har da waɗanda suka fi ta kuɗi nesa ba kusa ba, da yawansu sun daɗe da rufe ƙofa. To me ya girma a Summerhill, tunda ba jikinta ba ne?

Abu biyu aka san ta da su. Na farko, ba a tilasta wa yaro shiga aji. Akwai jadawalin darussa, akwai malamai, akwai jarrabawar GCSE ta kammala sakandare ga mai so, amma in yaro ya ga dama ya wuni a kan bishiya ko a ɗakin aikin katako, ba mai ce masa kanzil. Na biyu, dokokin zaman yau da kullum taron makaranta ne ke yin su, kuma a wannan taro ƙuri'ar ɗan shekara 6 daidai take da ta shugabar makaranta. Na farkon ne ke jan 'yan jarida, shi ne kuma ya kai ta kotu. Na biyun, a ganina, shi ne ya raya ta.

## Ɗan malamin da aka yanke wa ƙauna

An haifi Alexander Sutherland Neill, wanda ya kafa makarantar, a Forfar ta ƙasar Sikotilan a 1883. Mahaifinsa hedimasta ne a ƙauyen Kingsmuir, a zamanin da bulalar fata take cikin kayan aikin kowane malami. A cikin 'ya'yan gidan shi ne ake ganin kansa ba ya ja. 'Yan'uwansa aka tura su makarantar gaba, shi kuwa aka kai shi aikin akawu, daga nan yaron kantin tufafi, kafin uban ya ɗauke shi koyon malanta a ƙarƙashinsa. Sai da ya girma ya shiga Jami'ar Edinburgh, ya fito da digiri a adabin Ingilishi a 1912, bayan shekara 2 kuma ya riƙe makarantar ƙauyen Gretna Green.

Abin da ya juya masa tunani shi ne haɗuwarsa da Homer Lane, wani Ba'amurke mai tafiyar da wani gida a Dorset da ake kira Little Commonwealth, inda ake kai yaran da suka yi karo da doka. Lane ya bar yaran su yi dokokinsu da kansu, su hukunta junansu a taro. An rufe gidan a 1918, amma abin ya riga ya shiga ran Neill. Ya gwada shi a makarantar King Alfred da ke Landan, wadda ita ma ake yi wa kallon mai sassauci, sauran malamai suka ƙi ba shi haɗin kai, ya ajiye aiki a 1920.

Makarantar da yanzu ake kira ta Ingila ba a Ingila aka haife ta ba. A 1921 aka kafa ta a Hellerau, wata unguwa a wajen birnin Dresden na Jamus, a matsayin sashen baƙi na wata makaranta mai suna Neue Schule. Abokiyar aikinsa Lilian Neustätter, wadda daga baya ya aura, ita ce ke riƙe da gida. Zaman bai yi daɗi ba. Malaman wurin mutane ne masu aƙida, suna ƙyamar taba da rawar zamani da sinima, suna son su ƙera yara bisa wata siffa da suka riga suka zana a ransu. Neill ya gudo daga masu gyara yara da bulala, sai ya tarar da masu gyara su da murmushi. Ya kwashi nasa yaran zuwa Sonntagberg a Ostiriya, kan wani dutse da mabiya ɗarikar Katolika ke zuwa ziyara. Can ma mutanen gari ba su yi na'am da su ba, hukuma kuma ta matsa sai an koyar da addini kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. Zuwa 1924 makarantar ta tsallaka Ingila ta sauka a Lyme Regis, a wani gida na kan tudu mai suna Summerhill. Daga gidan ta samo suna. Ɗalibanta 5.

Mai ɗalibai 5 ba ya zaɓe. Neill ya karɓi duk wanda aka kawo, kuma waɗanda aka fi kawowa su ne yaran da wasu makarantu suka gaji da su: mai ɗan hali, mai ƙarya, mai fasa tagogi, mai fitsarin kwance. Yakan keɓe da su ɗaya bayan ɗaya yana zantawa da su irin yadda almajiran Freud, masanin halayyar ɗan'adam, ke yi, yana ganin nan maganin yake. Daga baya shi da kansa ya lura cewa yaran da ba su taɓa zuwa wannan zantawa ba su ma suna warwarewa, sai ya yanke cewa ba hirar ba ce, yanayin zaman ne. Ba kowane mai makaranta ne zai fito ya ce abin da ya fi taƙama da shi ba shi ke aiki ba.

## Taro

A 1927 aka koma Leiston, aka tafi da sunan. Da wuri ya yi kaɗan aka kawo tsofaffin taragun jirgin ƙasa aka mai da su ɗakunan kwanan manyan yara. Har yau da sunan tarago ake kiran rukunin manya, ko da yake gini ya daɗe da maye gurbinsu.

A zamanin Neill daren Asabar ake babban taro. Yanzu ana zama fiye da sau ɗaya a mako. Ana haɗuwa a falon gidan, wasu a ƙasa, wasu a kan matakala, ƙanana a jikin manya. Mai jan zama yawanci ɗalibi ne. Ba shi da ƙuri'a, amma yana da ikon cin tarar mai surutu ko fitar da shi, ko da malami ne. Akwai magatakarda mai rubuta abin da aka zartar.

A ce wata yarinya 'yar shekara 9 ta tashi da safe ta tarar an ɗauki kekenta ba izini, an dawo da shi taya ta sace. Ba ofishin shugaba za ta nufa ba. Tana iya fara zuwa wurin masu sulhu, wato wasu manyan ɗalibai da aka zaɓa don kashe ƙananan rigingimu tun kafin su yi tsami. In magana ba ta mutu a nan ba, sai ta kai ta taro. Ta ɗaga hannu ta faɗi abin da ya faru, wanda ake tuhuma ya kare kansa, wanda ya gani ya ba da shaida. Daga nan a shiga kawo shawara. Wani ya ce ya gyara tayar da kuɗin aljihunsa, wata ta ce a hana shi hawa keke mako guda, wani ya ce jan kunne ya isa tunda karon farko ne. A ɗaga hannu, a ƙirga, a wuce ƙara ta gaba. Wanda bai gamsu ba yana da damar ya sake ta da maganar a wani zama. Tarar da aka saba ba ta wuce 'yan kuɗi kaɗan, ko ɗan aikin share-share, ko komawa ƙarshen layi lokacin cin abinci. Ba a tsayawa binciken ko yaron na kirki ne ko na banza, ba a yi masa wa'azi. Maganar keke ake yi, da taya.

Wanda ya ji an ce makarantar 'yanci zai zaci ba doka. Dokokin Summerhill sun haura 100 nesa: lokacin kwanciyar kowane rukuni, wa ke da izinin fita gari da ƙarfe nawa zai dawo, yaushe ake kunna wasan kwamfuta. Akwai ma zaɓaɓɓun ɗalibai masu zagayawa da dare su ga kowa ya kwanta. An sha yin lokacin da taro ya fusata ya soke dokokin gaba ɗaya, a yi 'yan kwanaki ba barci ba natsuwa, sai yaran da kansu su dawo suna maido da su ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar Neill ita ce 'yanci daban, cin karenka ba babbaka daban. Ƙin shiga ajin lissafi lamarinka ne, kai zai shafa. Buga ganga da tsakar dare a ƙofar masu barci kuwa ya shafi wasu, don haka taro na da ta cewa.

Shi kansa Neill an sha kayar da shi. Ya taɓa kawo shawarar a hana duk wanda bai kai shekara 16 ba shan taba, shi da lofe ba ya barin bakinsa. Ya kawo hujjojinsa, aka ɗaga hannu, ya sha kaye.

Amma kada a ɗauka komai na taro ne. Ɗaukar malami da sallamarsa, kuɗin makaranta, da duk abin da ya shafi tsaron lafiya da dokar ƙasa, kamar giya da ƙwaya, suna hannun masu makarantar. Zan dawo kan wannan.

A nan ake gane cewa ƙanƙantar Summerhill ba tawaya ba ce, sharaɗi ce. Taron da kowa zai iya magana, kowa ya san mai ƙara da wanda ake ƙara, yana yiwuwa da mutum 80 a falo ɗaya. Da mutum 800 dole a koma zaɓen wakilai, in an zaɓi wakilai kuwa an sami masu mulki da waɗanda ake mulka, an koma gidan jiya.

## Aljihu

Ƙanƙanta tana da nata haraji. Irin wannan makaranta ba gwamnati ke ɗaukar nauyinta ba; abin da iyaye suka biya da shi ake albashi da abinci da gyaran rufi. In ɗalibai 60 ne, tafiyar yara 6 ta cinye kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga, alhali injin dumama ɗakuna bai san an ragu ba. Malaman Summerhill sun daɗe suna karɓar albashin da bai kai na takwarorinsu ba, Neill kuma yana toshe ɓaraka da kuɗin littattafansa da na laccoci.

A 1940 sojoji suka karɓe gidan Leiston, don gaɓar gabas ce ke fuskantar barazanar mamaya. Makarantar ta yi hijira zuwa Ffestiniog a arewacin Wales. Lilian ta rasu a 1944. A 1945 aka dawo aka tarar da gida a lalace, a shekarar kuma Neill ya auri Ena Wood, wadda ɗanta ɗalibi ne a makarantar, ita kuma tana aiki a ciki. An haifi 'yarsu Zoë a 1946.

Sufetocin gwamnati sun zo a 1949. Rahotonsu ya yaba da yaran, da kuzarinsu da sakin jikinsu, ya kuma soki koyarwar, musamman ta ƙananan azuzuwa. Wannan hukunci mai fuska biyu, yara sun yi kyau amma aji da sauran aiki, shi za a yi ta maimaitawa shekara 50.

Ƙarshen shekarun 1950 ne aka fi jin jiki. Ɗalibai suka ragu zuwa kusan 25, Neill ya haura 70, ga kuma sabuwar ƙa'ida: daga 1957 dole kowace makaranta mai zaman kanta ta yi rajista da ma'aikatar ilimi, mai ba da rajista kuwa yana iya ƙwace ta. Ceto ya zo daga inda ba a zata ba. Wani mai buga littattafai a New York, Harold Hart, ya tsinto rubuce-rubucen Neill daga tsofaffin littattafansa ya haɗa su wuri guda, masanin halayyar ɗan'adam Erich Fromm ya rubuta gabatarwa, aka fitar a 1960 da sunan makarantar. Littafin ya faɗo daidai lokacin da matasan Amurka suka fara tuhumar duk wani mai iko. Aka sayar da miliyoyin kwafi, jami'o'i suka sa shi a manhaja, fassarar Jamusanci ta 1969 ita ma ta yi kasuwa ƙwarai.

Gadaje suka cika da yaran Amurka. Baƙi suka yi ta tururuwa don kallon taro har abin ya ishi mutanen gidan. A nan ne wani mai makaranta zai ce kasuwa ta buɗe, a ƙara gini, a buɗe reshe a ƙetare, a sayar da suna. Neill bai yi ba. Makarantu da yawa sun tashi a Amurka suna cewa tafarkinsa suke bi, ba da hannunsa a ciki ba, kuma akasarinsu ba su yi tsawon rai ba. Ina ganin da dama daga cikinsu rabin farko suka ɗauka, wato ba tilas, suka bar rabi na biyu, wato taron da ke cin tara. Sai da ya fitar da wani littafi a 1966 yana amsa wasiƙun iyayen Amurka da suka ɗauka 'yanci shi ne a bar yaro ya taka kan kowa.

## Bayan mai gida

Neill ya rasu ranar 23 ga Satumba 1973, saura 'yan makonni ya cika 90. Ƙaramar makarantar da aka gina a kan mutum ɗaya, a irin wannan rana ake gane ta. Beacon Hill, wadda Bertrand Russell da matarsa Dora suka buɗe a 1927, ta rufe a 1943. Dartington Hall, duk da dukiyar iyalan Elmhirst da ke bayanta, ta rufe a 1987. Kilquhanity a Sikotilan, wadda John Aitkenhead ya kafa a 1940 bisa koyi da Neill, ta rufe a 1997, ga tsufan mai ita ga matsin sufetoci.

Ena ta karɓa ta riƙe shekara 12. Ba marubuciya ba ce, ba ta yawon lacca, tsare gida aka san ta da shi. A 1985 ta miƙa wa 'yarta Zoë Readhead, wadda a cikin makarantar ta tashi.

Me ya hana Summerhill bin mai ita? Ranar da Neill ya rasu, abin da ke juya rayuwar yau da kullum bai rasu ba. Ɗan shekara 15 da ya zo yana ɗan 7 ya zauna a taro sau ɗaruruwa. Ya san yadda ake kawo ƙara, ya san tarar da ta dace da wadda ta yi tsauri, ƙanana kuma daga gare shi suke ɗauka, ba daga littafi ba. Shekara 50 Neill ya yi yana rage wa kansa iko, sai ga shi abin da ya sakar wa yaran shi ne ya zama gado. Shi ya sa abin tsoro ga irin wannan makaranta ba rashin shugaba ba ne, ƙarancin manyan yara ne. In shekara ta zo da sababbi da yawa, tsofaffin hannu kaɗan, taro yakan yi sanyi, kuma Neill da kansa ya sha faɗin haka.

Yaran ma sun canja. Bayan guguwar Amurka ta lafa, Jamus da Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan suka riƙa aiko da nasu. Zoë ta sha bayyana cewa a zamanin mahaifinta yara daga gidajen tsanani suke zuwa, aikin makaranta shi ne ta kwance su, yanzu kuwa da yawa daga gidajen da ba a taɓa ce musu a'a ba suke fitowa, sai makarantar 'yanci ta zama wurin da suka fara jin an taka musu burki.

## Shari'ar 2000

A 1992 aka kafa Ofsted, hukumar duba makarantu ta Ingila, a zamanin da ƙasar ta rungumi manhajar bai-ɗaya, da gwaje-gwaje mataki-mataki, da jera makarantu bisa sakamakon jarrabawa. Makarantu masu zaman kansu ba dole su bi manhajar ba, amma ma'aunin da ke zuciyar sufeto na wannan zamani ne. Cikin shekarun 1990 kusan kowace shekara sai an je Leiston. Daga baya ta fito fili cewa sunan makarantar yana cikin wani jerin sirri na waɗanda za a sa wa ido.

A watan Maris 1999 tawagar sufetoci ta sauka. Ka duba aikin sufeto a irin wannan wuri. An horar da shi ya shiga aji ya zauna a baya, ya ƙirga yara, ya buɗe littattafan aikinsu. Ya shiga ya tarar da 'yan ƙalilan, sauran suna waje suna abin da ya dame su, takardar da ke hannunsa kuwa ba ta da gurbin rubuta wannan. Rahoton ya zargi makarantar da barin yara su ɗauki zaman kashe wando a matsayin 'yanci. Sakataren ilimi na lokacin, David Blunkett, a gwamnatin Tony Blair, ya aika da takardar ƙorafi a hukumance mai buƙatu 6. Wanda bai cika irin wannan takarda ba ana soke masa rajista, soke rajista kuwa rufewa ce.

Makarantar ta amince da 3 da ba su taɓa aƙidarta ba. Ta ƙi 3: raba banɗakunan maza da na mata, auna yara da gwaji ko ba su so, da uwa uba, tabbatar da cewa suna halartar darasi. Na ƙarshen nan ba gyara ba ne. In aka yi shi gini zai rage, allon suna zai rage, amma makarantar ta tafi.

Sai ta ɗaukaka ƙara. Iyaye da tsofaffin ɗalibai da masoya daga ƙasashe suka tara kuɗin shari'a, wasu masana ilimi suka je suka yi nasu binciken daban da na hukuma, lauyan kare haƙƙin ɗan'adam Geoffrey Robertson ya tsaya mata. A watan Maris 2000 aka fara zama a gaban kotun musamman ta makarantu masu zaman kansu, a ginin manyan kotuna da ke Landan. Da aka titsiye ɓangaren gwamnati da tambayoyi, hujjoji suka fara zubewa. A rana ta 4 aka zo ga sulhu.

Lauyoyi sun rubuta yarjejeniya, amma a Summerhill abu irin wannan sai taro ya gani. Aka bar wa yaran zauren kotu. Ɗalibai suka hau kujerun alƙalai, mai jan zama da magatakarda suka ɗauki wurinsu, aka buɗe taro yadda ake buɗe shi a falon Leiston. Aka karanta sharuɗɗa, aka tattauna, aka ɗaga hannu. Ba wanda ya ƙi.

Takardar ƙorafi ta faɗi. Gwamnati ta amince cewa duk binciken da za a yi nan gaba zai yi la'akari da aƙidar Neill, cewa koyo ba a aji kaɗai yake faruwa ba don haka sufeto ya duba har abin da ke waje, cewa za a saurari bakin ɗalibai, kuma makarantar tana da damar kawo nata masanin ya kasance tare da sufetoci. Ma'aikatar ta fito ta ce ita ma ta sami abin da take nema, amma kowa ya ga wanda ya koma gida da kayansa cif. Cikakken binciken da aka yi a 2007 ya fito da sakamako mai kyau, ya yaba musamman da tarbiyyar yaran da yadda suke ɗaukar nauyin zamansu. Ba zan ce makarantar ba ta gyara komai ba a tsakani, amma ba a tilasta wa yaro ko ɗaya shiga aji ba.

## Abin da kotu ba ta warware ba

Nasarar ba ta amsa tambayar sufetoci ba, ta dai nuna sun yi ta ta hanyar da ba ta dace ba. Yaron da ya kai shekara 12 karatunsa na tangal-tangal fa? Makarantar tana cewa ranar da ya ga amfaninsa zai kama cikin ɗan lokaci, kuma an ga masu yin haka, su yi shekaru suna wasa sannan su zauna su haɗa karatun GCSE su wuce kwaleji. Amma ba kowa ba. A 1968 Emmanuel Bernstein ya wallafa binciken da ya yi a kan tsofaffin ɗalibai 50. Da yawa sun ce wurin ya ba su ƙarfin zuciya da iya zama da mutane. Wasu sun koka da raunin karatun aji da ƙarancin kariya daga masu cin zali, kuma masu kunya ba su ci moriyar wurin kamar masu baki ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Tsarin da ya dogara ga ɗaga hannu a gaban jama'a dole ya fifita mai iya ɗaga hannu.

Sannan makarantar kuɗi ce. Iyayen da ke kawo yaro su suka zaɓa, suna kuma iya biya, yaron da ya yi shekara 3 bai leƙa aji ba yawanci yana da gidan da zai tare shi in ya zame. Don haka Summerhill ba ta tabbatar da cewa tsarinta zai yi wa kowane yaro a kowace makaranta ba. Waɗanda suka ɗauki iri daga gare ta suka kuma ɗore, irin su Sudbury Valley da aka buɗe a Massachusetts a 1968, da Kinokuni da Shinichiro Hori, mai fassara Neill, ya kafa a Japan a 1992, kowacce ta sake fasalin abin ta yadda zai zauna a ƙasarta, kuma ba wadda take ƙarƙashin Leiston.

Saura abin da na ce zan dawo kansa. Makarantar da ta fi kowace suna a kan mulkin ƙuri'a, ba a taɓa zaɓen shugabanta da ƙuri'a ba. Daga miji zuwa mata, daga uwa zuwa 'ya, yanzu kuma jikokin Neill suna cikin masu tafiyar da ita: shugabanni 3 a shekara 100, duk gida ɗaya. Mai so ya kira wannan tufka da warwara, ba zan yi masa musu ba. Amma Dartington amintattunta ne suka zauna suka rufe ta. A Leiston, a 1999, babu kwamitin da zai firgita ya ce a ɗan sassauta, a sa darasi ɗaya ko biyu na tilas don a tsira. Mutum ɗaya ce za ta ce a'a, kuma makarantar ubanta ce. Taro yana iya soke dokar kwanciya yau da dare ya maido da ita jibi, amma ba shi da ƙuri'a a kan wanda zai gaji Zoë Readhead.